Awon Mutum a Sabon Ibadan: Maigida, Dillali da Shaidar da Ba ta Takarda

A farkon shekarun 1960, shanu kusan 75,000 ake sayarwa duk shekara a karar Ibadan, wato kasuwar shanu, kuma kusan dukkansu bashi ake bayar da su. Falke ya taso da garkensa tun daga Arewa, ya ƙetare Kwara a Jabba, ya bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo, ko kuwa ya loda su a jirgin ƙasa, ya iso garin da ba ya jin yaren mutanensa. Mahauci Bayarabe ya zo ya taya, a sallama masa, ya ja sa ya tafi, sai bayan makonni ya kawo kuɗi. Abner Cohen, masanin zamantakewar al'umma da ya zauna da Hausawan Sabo, unguwarsu a Ibadan, daga 1962 zuwa 1963, ya ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai bashin kimanin fam 100,000 a wuyan mahauta, babu takardar yarjejeniya, babu banki a tsakani, babu mai tunanin zuwa kotu. Wannan dukiya duka a kan sanin mutum take rataye. Dole wani ya san mahaucin da zai biya da wanda zai gudu, dole wani ya san dillalin da idonsa ke gani daidai da wanda ke yaudarar kansa, dole wani ya san yaron da za a aika karɓo kuɗi ya dawo da su cif. Ke nan a Sabo kullum ana cikin awon mutane, shekaru da yawa kafin Bahaushe ya san wani abu wai shi fom ɗin auna ƙwazon ma'aikaci.

Wanda ya taɓa aikin gwamnati ko na kamfani ya san abin da wannan fom yake yi wa zuciya. Idan lokacin cike shi ya gabato sai ka ga gaisuwa ta ƙaru a ofis, wanda bai saba leƙa oga ba ya fara leƙawa, abokan da ke cin abinci a kwano ɗaya su fara ɓoye wa juna makin da aka ba su. Wanda aka rage wa maki yakan yi kwanaki yana juya maganar a ransa, kuma abin da ke cinsa ba safai yake zama kuɗin ƙarin girma ba. Abin da ke cinsa shi ne wani ya zauna a kujera ya yanke hukunci a kan darajarsa, ya sa hannu, ya tashi ya tafi gida ba abin da ya taɓa shi. Abin da nake son in kafa da tarihin Sabo shi ne wannan: ɗan Adam yana iya jure a auna shi, har a same shi da gazawa, matuƙar mai awon yana da abin da zai rasa idan ya auna ba daidai ba, kuma shi ma akwai mai auna shi. Masu gidan Sabo sun gina kasuwancinsu a kan wannan sharaɗi, ofisoshinmu kuwa sun ɗauko awon sun bar sharaɗin a baya.

Ita kanta unguwar daga mummunar shaida aka haife ta. Kafin 1916 Hausawan Badun, kamar yadda tsofaffi ke kiran garin, a warwatse suke cikin unguwannin Yarabawa, suna sauka a gidajen 'yan gari. Da aka yi ta koke-koken sata da fashin gidaje ana ɗora wa baƙi, sai hukumar Turawa da sarakunan gari suka ga a tattara su wuri guda a gefen Mokola, a ƙarƙashin Sarkin Hausawa wanda zai san mai shiga da mai fita, ya kuma amsa tambaya idan wani nasa ya yi ɓarna. Tun daga ranar farko ke nan mutumin Sabo ya san laifin mutum ɗaya yana iya shafar kowa, kuma sunan unguwa jari ne. A daidai wannan zamani ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Ibadan a 1901 ta kai Kano bayan shekara goma, ta sauya fatauci. Goron da kakanninmu ke tafiyar watanni su ɗauko daga Gwanja ya fara samuwa a gonakin Yarabawa, a Shagamu da Agege da kewayen Ibadan, shanu kuma suka riƙa kwararowa Kudu. Kayan nan biyu ba sa jira. Saniyar Arewa idan ta shigo kurmi tsando ya cije ta, sammore ya kama ta, cikin 'yan makonni ta rame ta mutu. Goro kuwa idan ba a iya ɗaurinsa da ganyen fita ba, ko aka bar shi ba a duba, sankara ta shige shi huhu guda ya tashi a banza. Sana'ar da kayanta ke mutuwa a hannu ba ta da lokacin jiran ƙarshen shekara kafin ta gane wane ne ya iya aiki.

Ginshiƙin tsarin shi ne maigida. Shi ke da gidajen saukar baƙi, matansa ke dafa musu abinci, yaransa ke kula da shanun falke, dillalansa ke nemo masu saye, akawunsa ke rubuta wanda ake bi da ranar biya. Idan ciniki ya faɗa, mai saye ya ba da la'ada, maigida ya raba wa dillali da yara nasu kason. Amma babban abin da maigida ke sayarwa, wanda ya fi ɗaki da tuwo, shi ne lamuni: ya tsaya wa falke cewa kuɗinsa za su fito, idan mahauci ya cinye to shi zai biya daga aljihunsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a nan maganar ba ta tsaya a karin magana ba, ita ce dokar kasuwa. Polly Hill ta tarar da irin wannan tsari na masu gida da dillalai a kasuwar shanu ta Kumasi, ta yi rubutu a kansa a 1966, abin da ke nuna cewa hikima ce da fataken Hausa suka yaɗa duk inda suka kafa zango. Abin lura shi ne inda wannan lamuni ya ajiye maigida dangane da ma'aikacinsa. Duk ranar da ya ce wa dillali je ka sayar da shanun wane, ya ɗora gidansa da sunansa a kan idon wannan dillali. Idan ya fifita ɗan'uwansa marar basira a kan bare mai basira, kuɗin son kan nan daga jikinsa za su fita.

A dubi aikin dillalin da kyau, domin a nan ake ganin abin da ake aunawa. Yana tsaye a kara cikin ƙura da kukan shanu, sanda a hannu, mahauci ya zagaya sa, ya dafa tozo, ya duba cinya, ya faɗi kuɗi. Dillali ya ce albarka. A ja, a saki, mahauci ya yi kamar zai tafi, ya dawo ya ƙara. Wanda ke kallo daga nesa zai zaci gwanintar duka a wannan ja-in-ja take, alhali babban aikin yana cikin kan dillali tun kafin a buɗe baki. Ya san inda wannan mahauci yake kasa nama, ya san shanu nawa yake iya yankawa a mako, ya san ko jiya ya ɗauki sa biyu a hannun wani maigidan bai biya ba tukuna, ya ji ko ya yi biki kwanan nan ya kashe kuɗi. Wani lokaci mahaucin da ya fi kowa tayi mai tsoka shi ne wanda bai kamata a sallama wa ba, domin wanda ba ya da niyyar biya ba ya jin nauyin farashi. Dillalin kirki zai bar tayi mai yawa ya karɓi wanda bai kai shi ba daga hannun mai cika alkawari, sannan ya koma ya fahimtar da falke dalilin da ya sa. Bayan makonni kaɗan sakamako zai fito a fili, kuɗi sun shigo ko ba su shigo ba. Babu buƙatar maigida ya ƙirƙiro ma'auni, kuma babu yadda dillali zai ce an zalunce shi da ma'aunin da bai sani ba, tunda shi da mai auna shi abu ɗaya suke kallo.

Yadda ake sanar da mutum matsayinsa ma ya sha bamban da na ofis. Yaro yakan zo Sabo ba shi da kowa, ya raɓu da wani gida, ya fara da ɗaukar kaya da kai wa baƙi abinci da kwana wajen shanu. Ba wanda zai kira shi ɗaki ya karanta masa rahoto. Wata rana dai za a aike shi da sule goma, a ga ko canji zai dawo daidai. Bayan wani lokaci a aike shi karɓo bashin sa guda. Ranar da maigida ya miƙa masa mabuɗin ɗakin da ake ajiye kuɗin baƙi, ko ya ce masa ya raka dillali kara ya riƙa saurare, duk gidan ya san an ɗaga shi, shi ma ya sani. Idan kuma aka daina aikensa, aka koma kiran wani, ya gane saƙon ba tare da an tozarta shi gaban jama'a ba, yana kuma da damar gyarawa tun abin bai yi nisa ba. Ƙarshen wannan hawa, kamar yadda Cohen ya nuna, shi ne maigida ya yi wa yaronsa aure, sau da yawa ya ba shi 'yar riƙonsa, ya biya sadaki, ya ba shi ɗaki. Kalmomin da ake yanke hukunci da su kuwa su ne waɗanda Anthony Kirk-Greene ya tattara a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe: gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci da sauransu. Idan aka ce wane yana da amana, an ba shi takardar shaidar da za ta yi masa aiki daga Ibadan har Kano. Idan aka ce ya ci amana, labarin zai riga shi isa duk zangon da ya nufa, domin fataken da ke kwana a gidan su ne masu ɗaukar labari.

Waɗannan fatake su ne kuma alƙalan maigida, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Falke ba dole ne ya sauka a gida ɗaya har abada ba. Idan aka jinkirta masa kuɗi, ko ya ga an sayar da shanunsa da araha, ko abincin gidan ya lalace, zuwa na gaba sai ya sauke a wani gidan, ya kuma gaya wa 'yan garinsu dalili. A fataucin goro abin ya fi haka tsanani, domin a can kuɗi ne ke tahowa daga Arewa a damƙa wa maigida, shi ya sa 'yan kwamishonsa su shiga ƙauyuka su sayo, a ɗaure a loda. Attajirin Kano ko Sakkwato yana iya aiko da dukiyarsa ga mutumin da bai fi sau ɗaya ya taɓa gani ba. Maigidan da aka fara raɗe-raɗin hannunsa ya yi rauni, cikin ɗan lokaci zaurensa zai bushe. Idan rigima ta taso a je gaban Sarkin Hausawa, wanda shi ma a cikin masu gida yake kuma ya san sana'ar ciki da bai. Idan maigida ya karye, gidajensa ne abin da za a sayar a biya baƙi, shi ya sa mallakar gida a Sabo ta zama sharaɗin a yarda da mutum. Har dillalan ma suna da nasu hukuncin, tunda dillalin da ya ƙware, idan ya ga ana tauye shi, akwai masu gidan da ke zawarcinsa. To yaron da maigida ya yi wa faɗa a kan sakaci ya san cewa mai yi masa faɗan shi ma a kan sikeli yake tsaye, kuma sakacin nasa na iya jawo wa gidan duka asara. Faɗa irin wannan yana da zafi, amma ba ya barin ƙullin da hukuncin wanda ba ruwansa yake bari.

Binciken da masana halayyar ma'aikata suka yi a ƙasashen Turawa, inda aka ƙirƙiro fom ɗin, ya zo ya ƙarfafa wannan fahimta. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara ɗaruruwan gwaje-gwajen da aka yi a kan gaya wa mutum sakamakon aikinsa, suka tarar cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya yi bayan an gaya masa. Bayaninsu shi ne, duk lokacin da maganar ta bar kan aikin ta koma kan mutumin, hankalinsa yakan tafi wajen kare kansa. A 2000 Steven Scullen da abokan aikinsa suka duba makin da aka ba dubban manajoji, suka ga fiye da rabin bambancin makin daga ɗabi'ar mai bayarwa yake fitowa, wato wani hannunsa a sake yake, wani a damƙe. Jerald Greenberg kuma tun 1986 ya nuna cewa ma'aikata suna karɓar sakamako, ko da bai yi musu daɗi ba, idan sun ga mai awon ya san aikinsu da gaske, an saurare su kafin a yanke, kuma akwai hanyar ƙalubalantar hukuncin. W. Edwards Deming, wanda Japanawa ke girmamawa saboda gudummawarsa ga ingancin masana'antunsu, har sanya awon shekara-shekara ya yi cikin manyan cututtukan da ke kashe kamfani, saboda yana shuka tsoro yana raba kan abokan aiki. Kamfanin Microsoft ya yi shekaru yana jera ma'aikatansa daga na gaba zuwa na baya, a 2013 ya watsar da tsarin. Idan aka ɗora waɗannan a kan Sabo sai a ga maigida ya san aikin domin shi ma ya yi shi, yana ganin yaronsa kullum, abin da ake aunawa a fili yake, son ransa kuma yana da farashin da shi zai biya.

Mai karatu na iya cewa wannan ai barantaka ce aka yi wa kwalliya, kuma duk wanda ya san zaman bara a gidan mai kuɗi ba zai yi begensa ba. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan rage mata komai ba. Ma'aikacin ofis idan aka ba shi mummunan maki yana komawa gidan da ba na oga ba, wurin matar da ba oga ya aura masa ba. Yaron Sabo kuwa ɗakinsa na maigida ne, tuwonsa daga gidan maigida yake fitowa, matarsa wataƙila a hannun uwargidan ta tashi. Ranar da aka yanke masa hukuncin rashin amana, aiki da muhalli da surukai duk a lokaci guda suke kuɓuce masa. Babu ranar da zai ce yau ba a kallona. Abin ya ƙara ƙarfi bayan shekarun 1951 da 1952, lokacin da mafi yawan mutanen unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, suka kuma daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da tasu Juma'ar a Sabo. Cohen ya fassara wannan da cewa, da mulkin Turawa ya fara janyewa, siyasar jam'iyyu ta raunana ikon Sarki, sai jama'a suka sake ɗaure kansu da igiyar addini. Ko mutum ya yarda da fassararsa ko ya ga ta rage wa imanin mutane daraja, sakamakon a zaman yau da kullum ɗaya ne: wanda kuke ciniki da shi da rana shi ne kuke zaman wazifa da shi da yamma, kuma rashin ganinka a sahu abin magana ne. A irin wannan wuri tsegumi na iya kashe mutum da ransa, wanda aka yi wa ƙazafi kuma ba shi da fayil ɗin da zai buɗe ya ce ga abin da na yi. Na yarda da duk wannan. Sai dai a lura, zafin tsarin Sabo daga haɗe aiki da rayuwa gaba ɗaya yake fitowa. Ɗaukar asara da maigida ke yi ba ita ta jawo shi ba, ita ce ma ke taka masa burki, domin maigidan da ya kori dillali nagari a kan tsegumi ya yi wa abokin hamayyarsa kyauta.

Wani kuma zai ce ai takarda kariya ce ga ƙaramin ma'aikaci, kuma an sha wuya kafin a same ta. Gaskiya ne. A zamanin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai rahoton sirri ake rubutawa a kan ma'aikacin gwamnati, ya yi shekaru ana tsallake shi a ƙarin girma bai san abin da aka rubuta a kansa ba. Hukumar da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ita ta kawo shawarar a koma awo a buɗe, ma'aikaci ya ga abin da shugabansa ya rubuta ya sa hannu, daga nan fom ɗin awon shekara-shekara da ake kira APER ya samo asali. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma yaron Sabo bai taɓa samun irinsa ba. Tun kafin haka ma, a masaƙar New Lanark ta Sikotilan a farkon ƙarni na 19, Robert Owen ya rataya wa kowane ma'aikaci ɗan katako mai fuska huɗu, baƙi da shuɗi da rawaya da fari, ana juya shi kullum gwargwadon halin jiya, ya kuma ba wanda bai gamsu ba damar kai kuka gare shi. Amma a duba abin da ya sami fom ɗin namu. Da yake oga zai haɗa ido da wanda ya ba maki, kuma ba abin da zai same shi idan ya yi ƙarya, sai hanya mafi sauƙi ta zama a ba kowa maki mai kyau a zauna lafiya, a ajiye mummunan maki don wanda ake da ƙullinsa. Mai ƙwazo ya ga an daidaita shi da wanda ba ya zuwa aiki sai ranar albashi, gwiwarsa ta yi sanyi. Wanda aka rage wa kuma ya tabbata ba aikinsa aka duba ba. Takarda ta toshe ƙofar zalunci a ɓoye, ta bar ta rashin kulawa a buɗe, tunda hannun da ke cike ta ba ya ɗaukar lamunin kowa.

Ƙorafi na uku shi ne na girma da na ƙabila. Ƙidayar da Cohen ya yi a 1963 ta sami mutum 4,184 a Sabo, wuri ne da kowa ya san kowa, yare ɗaya, addini ɗaya, kuma sun yi amfani da wannan haɗin kai wajen hana wasu shiga fataucin shanu da goro. Yaya za a kwatanta wannan da ma'aikatar da ke da mutum dubu hamsin daga kowace kusurwa ta Nijeriya? Ba za a iya mayar da ma'aikata zango ba, kuma ba wanda ke son ofishin da sai ɗan garinku ne zai yarda da kai. Sai dai akwai abin da masu wannan ƙorafi ke tsallakewa. Mutanen da aka fi aunawa a karar Ibadan, waɗanda ake damƙa wa dukiyar fam dubbai a kan kalmar baki, Yarabawa ne. Dillali Bahaushe bai ba mahauci bashi don yarensu ɗaya ba, ya ba shi ne don ya san tarihin biyansa, ya kuma san cewa idan ya ƙi biya duk kara za ta juya masa baya har sai ya sauke nauyin, shi kuwa ba zai bar rumfarsa da masu sayen namansa ya gudu saboda kuɗin sa ɗaya ba. Ƙabila ta taimaka wajen saurin yaɗuwar labari da hukunta mai laifi, amma awon kansa a kan hali da aiki aka yi shi, ya kuma ƙetare iyakar yare shekara da shekaru. Abubuwan da suka sa ya yi aiki, wato mai awo ya san aikin, ya riƙa gani a kai a kai, ya yi asara idan ya kuskure, na ƙasa da shi su iya guje masa, babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar mutane su zama 'yan gari ɗaya.

Sabo ta yau ba ta 1963 ba ce. Karar shanu ta bar tsakiyar gari, yanzu a Akinyele take a kan hanyar Oyo, tirela ta maye gurbin koren shanu a ƙasa, waya da tura kuɗi ta banki sun rage buƙatar falke ya kwana makonni a zauren wani, unguwar kuma ta yi suna da 'yan canji, wata sana'ar da ita ma miliyoyi ke wucewa a cikinta a kan kalmar baki. A ɓangaren gwamnati kuwa, ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya ɗauki hanyar ajiye APER ya koma sabon tsarin da ake kira PMS, inda ma'aikaci da shugabansa za su amince da abin da ake son ya cimma tun farkon shekara, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Wannan ya matso kusa da abin da maigida ke yi, ta fuskar bayyana ma'auni da yawan dubawa. Kirana ga masu tsara shi a Abuja da jihohinmu shi ne su ƙarasa aikin. Daraktan da ya ba ma'aikaci maki mafi girma, aka ɗaga shi a kan wannan shaida, sannan ya gaza, a rubuta gazawar a fayil ɗin daraktan. Wanda ya danne na ƙasa da shi aka bincika aka ga ba hujja, a rage masa nasa makin. A kuma ba ƙananan ma'aikata damar su faɗi yadda shugabansu yake riƙe su, a lissafa maganarsu ranar da za a duba ƙarin girmansa.